GOLOBA: BATUREN DA YA ƊAUKI HAUSAWA SOJA, YA YANKA FILAYEN EBUTE METTA

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tambaye mu yadda harshen Hausa ya bazu a Afirka ta Yamma, abu biyu muka saba zubawa a takardar jarrabawa, wato fatauci da malanta. Mukan kawo fataken goro da suka bi hanyar Gwanja, mu kawo almajirai da alhazan da suka yi gabas, daga nan sai mu ajiye alƙalami. Duka biyun gaskiya ne. Sai dai akwai hanya ta uku wadda ba mu cika son tsayawa a kanta ba, ita ce bariki. A wannan ɗan rubutu ina so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai tarihin mutumin da ya share wannan hanya, wani hafsan sojan ruwa na Ingila mai suna John Hawley Glover. Ni tashin Legas ne, iyayena suna Agege, kuma unguwar Ebute Metta da muke ratsawa in za mu shiga tsibiri, shi ne ya shata mata tituna tun shekaru fiye da 150 da suka wuce. Wannan ne ya sa na zaɓe shi.

Mutanen Legas na zamaninsa Goloba suke kiransa. Ɗalibin da ya yi darasin tsarin sauti ba zai yi mamaki ba. Yarbanci, kamar Hausa, ba ya barin baƙaƙe biyu su yi cunkoso a farkon kalma, don haka aka cusa wasali tsakanin g da l, aka mai da v ta koma b, aka ƙare kalmar da wasalin a. Hanyar da ta ba mu direba ita ce ta ba su Goloba. Da wannan suna zan riƙa kiransa a wurare da dama.

Haihuwarsa da shigarsa aikin ruwa

An haife shi ranar 24 ga Fabrairu, 1829, a wani ƙauye mai suna Yateley da ke lardin Hampshire, kudu maso yamma da Landan. A yau garin ya zama irin wuraren nan da ma'aikata ke kwana, su yi sammako su tafi aiki manyan birane, amma a lokacin ƙauye ne sosai. Mahaifinsa limamin coci ne, wanda ya yi wa Ingilishi mazauna birnin Cologne na Jamus limanci. Yaron bai daɗe a gaban iyayensa ba, domin a 1841, yana ɗan shekara 12, aka sa shi aikin sojan ruwa, kamar yadda ake yi wa 'ya'yan masu matsakaicin hali a wancan zamani. A cikin jirgi ya girma, a nan ya koyi awon ruwa da zanen taswira, sana'ar da daga baya ta kawo shi ƙasarmu. A 1853 ya sami mummunan rauni a yaƙin da Ingila ta yi da Bama, a wani wuri da ake kira Donabew. Mai karatu ya riƙe sunan Bama, za mu sake haɗuwa da shi.

Hatsarin Jabba

A 1857 gwamnatin Ingila ta tura ayari don ya bi kogin Kwara ya buɗe hanyar ciniki da ƙasashen da ke cikin tudu. Shugaban ayarin shi ne Dokta William Baikie, likitan da ya nuna a tafiyarsa ta 1854 cewa in Bature ya riƙa shan kwinin zai iya shiga kogin ya fito da ransa. Cikin ayarin akwai Samuel Ajayi Crowther, akwai kuma Laftanan Glover a matsayin mai awo. A watan Oktoba na wannan shekara jirginsu mai suna Dayspring ya daki dutse kusa da Jabba, ya nutse. Ba su sami jirgin da zai kwashe su ba sai bayan kimanin shekara guda. Wannan zama na dole a ƙasar Nufe shi ne makarantar Goloba. Ya auna kogin har zuwa wajen Busa, ya ga yadda fatake ke ƙetarewa da jakuna da kaya, ya kuma gane da kunnensa cewa akwai harshe guda da Banufe da Babarbare da Bafillace da Bayarabe ke haɗuwa a kansa in an zo kasuwa.

Daga baya ya yi zirga-zirga ta ƙasa tsakanin Kwara da Legas, ya kuma je Saliyo. A waɗannan tafiye-tafiye ne 'yan arewa da ke cikin bauta a bakin teku suka fara bin sa. Abin da suke so a fili yake: ga Bature mai bindiga zai yi arewa, in suka raɓe shi wataƙila su sake ganin gida. Shi kuma yana neman 'yan dako da masu rakiya. Buƙata ce ta haɗu da buƙata.

Su wane ne waɗannan Hausawa?

Ya kamata mu tsaya a nan, domin wannan ce tambayar da ta fi shafar mu. Me ya kai Bahaushe Legas cikin ƙangin bauta tun kafin a yi titi ko layin dogo?

Amsar tana cikin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19. Jihadin da aka fara a 1804, da tawayen Ilori na 1817 wanda bayi 'yan arewa suka taka rawa a ciki, da rushewar daular Oyo, da yaƙin basasar da Yarbawa suka shiga bayan nan, duk sun zubar da ɗimbin kamammu a kasuwa. Ana sayar da mutum daga hannu zuwa hannu har ya kai bakin ruwa. Waɗansu aka tsallaka da su Bahiya ta ƙasar Barazil, inda Hausawa suka yi yunƙurin tawaye a 1807 da 1809 da 1814. Waɗansu jiragen Ingila suka tare su a teku, aka sauke su a Saliyo, kuma a bakin irin waɗannan ne Koelle ya tattara kalmomin da ya buga a littafinsa Polyglotta Africana a 1854. Saura kuma suka tsaya a hannun attajiran Legas da Abekuta da Ijebu, suna noma, suna tuƙa kwalekwale, suna dakon manja. Yarbawa Gambari suke ce musu.

Abin lura shi ne, wanda Goloba yake kira Bahaushe ba lalle ne ya fito daga Kano ko Katsina ko Zazzau ba. In dai mutum ɗan arewa ne, yana jin Hausa, galibi kuma Musulmi ne, to ya shiga lissafi, ko da Banufe ne ko Babarbare ko Bagwari. Wato a bakin teku kalmar Hausa ta tashi daga sunan al'umma, ta fara zama sunan aiki. Turawan lokacin har cewa suke a ɗauko Hausawa kaza, alhali nufinsu a ɗauko soja kaza.

Mulkinsa a Legas

Ranar 6 ga Agusta, 1861, aka sa Sarkin Legas Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa garinsa ga Ingila. Goloba yana yankin a lokacin, yana jan wani ƙaramin jirgin yaƙi a cikin ruwayen Legas. A 1863 ya riƙe mulkin garin na wucin gadi, a 1864 ya zama sakataren mulki, daga 1866 zuwa 1872 kuwa shi ne mai mulkin Legas, ko da yake a ƙarƙashin babban gwamnan da ke zaune a Saliyo.

A 1863 ɗin ne ya kafa rundunar da ta yi suna da Hausawan Glover. Tarihin da Rundunar Sojan Nijeriya take bayarwa game da kanta ya ce da mutum 18 aka fara, kuma daga wannan shekara take ƙirga shekarunta, shi ya sa a 2023 ta yi bikin cika shekara 160. Mutanen gari kuwa wani suna suka laƙaba musu, wato Ɓarayi Arba'in, irin na labarin Ali Baba. Sunan kaɗai ya isa ya gaya mana yadda zaman yake tsakanin sojan da 'yan kasuwa.

Me ya sa ya zaɓe su? A ganina ba ƙaunar Hausawa ce ta kai shi ba, lissafi ne. Sojan da ake kawowa daga tsibiran Karebiyan suna da tsada. Ɗan gari kuma in ka ba shi bindiga ka ce ya harbi ɗan'uwansa, sai ya yi tunani biyu. Amma ga mutumin da ba shi da dangi a Legas, ba shi da gona, ba shi da sarki, kuma wanda za a tura shi ya kama, mai yiwuwa ubangijinsa ne na jiya. Irin wannan ba shi da kowa sai wanda ya ba shi kaki. Ta ɓangaren bawan kuma, kada mu yi saurin cewa gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Wanda aka saya aka sayar sau uku ko huɗu, yau ga shi da albashi, ga bindiga, ga dokar da ta hana a sake kama shi, ba ƙaramin abu ya samu ba. Bayi sun yi ta gudowa daga Abekuta da Ijebu zuwa Legas, Goloba kuma ba ya son mayar da su, wannan ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da suka haɗa shi faɗa da maƙwabtansa.

Mutum ne mai son aiki, mai kuma son a bi shi ba musu. Ya buɗe babban titin nan na Broad, ya ci gaba da gyaran bakin ruwa na Marina, ya sa fitilun kan titi, ya sa an haƙa rijiyoyi. Amma a siyasar ƙasar Yarbawa ya ɗauki ɓangare ƙiri-ƙiri. Yana ganin Egbawan Abekuta da Ijebu sun tare hanyar ciniki tsakanin Legas da Badun, shi kuwa kuɗin kwastan ne abincin gwamnatinsa. A ƙarshen Maris 1865, lokacin da Egbawa suka yi wa Ikorodu ƙawanya, ya ba su wa'adi su tashi, da suka ƙi sai ya far musu da sojan Karebiyan da Hausawansa, ya watsa su da roka. Egbawa ba su manta ba.

Yadda aka yi Ebute Metta ta sami titunanta

Bayan shekara biyu, rikicin kan iyaka da na kuɗin fito a kogin Ogun ya ƙara zafi. A watan Oktoba 1867 mutanen Abekuta suka huce haushin Goloba a kan Turawan mishan da ke cikinsu. Aka farfasa coci-coci da gidajen mishan, aka kori Turawan daga garin. Yarbawa suna kiran wannan tarzoma Ifole, wato fasa gida. Cikin abin da ya salwanta har da maɗaba'ar Henry Townsend, wadda tun 1859 take buga Iwe Irohin, jarida ta farko da aka yi cikin wani harshe na ƙasar nan. Mu da muke alfahari da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, sai mu san cewa an riga mu da shekara 80.

Kiristocin Egba da yawa suka biyo malamansu zuwa Legas. Tsibirin ya riga ya cika, don haka Goloba ya duba tsallaken ruwa, ya nemi fili a hannun gidan sarautar Oloto, a wurin da ake kira Ebute Metta. Ma'anar sunan da Yarbanci mashigi uku, wato wurare uku da kwalekwale ke tsayawa, kuma Aworawa sun daɗe da zama a yankin kafin zuwansa. Abin da ya yi shi ne ya sa aka yanka filin gida-gida, tituna suka miƙe sambal suna gicciye juna kamar gidan dara, ya raba wa 'yan gudun hijirar. Wanda ya san lungunan Isale Eko, inda hanya ke lanƙwasa kamar hanjin rago, da ya shigo Ebute Metta zai ji bambancin a ƙafarsa. Wutar da ta koro mutanen nan, da hannunsa a cikin hura ta, shi ne kuma ya ba su masauki, ya ci riba biyu, domin ya sami jama'a masu yi masa biyayya a bakin hanyar da ke shiga cikin ƙasa.

Ba don Hausawa aka yanka unguwar ba, amma ƙaddara ta kawo su. A 1896, shekara 11 bayan mutuwarsa, aka fara shimfiɗa layin dogo daga wannan yanki, aka kuma kafa hedkwatar reluwe a Ebute Metta. Layin ya kai Badun a 1901, jirgin ƙasa kuma ya fara isa Kano a 1911. Tun daga nan shanu da fatu da gyaɗa suka riƙa gangarowa, goro yana hawa, zangon Hausawa ya kafu a Agege inda gonakin goro suke, waɗansu kuma suka zauna kusa da tasha da kasuwar Oyingbo. Yau in ka shiga cikin titunan da Goloba ya shata, za ka ga Titin Kano, ka ga Titin Barno, ka ga Titin Jabba, wato sunan wurin da jirginsu ya nutse. Ni kam duk sanda na bi ta Titin Kano na ji ana ciniki da Hausa, nakan tuna cewa waɗanda suka fara yin harshen da yawa a wannan gari ba da son ransu suka zo ba.

A 1872 Egbawa da Ijebu suka rufe hanyoyinsu, ciniki ya tsaya, 'yan kasuwar Legas suka rabu biyu a kansa. Sabon babban gwamna, John Pope Hennessy, bai yarda da salon mulkinsa ba. A wannan shekara Goloba ya bar Legas, bai sake mulkinta ba.

Yaƙin Tonawa

Bai daɗe a zaune ba. A 1873 yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa, a ƙasar da ta zama Gana a yau. Janar Garnet Wolseley aka ba babbar runduna. Goloba kuwa ya nemi a bar shi ya tara tasa rundunar ta 'yan ƙasa, ya bi ta gabas, ta wajen kogin Volta. Ya aika aka kwaso masa Hausawansa daga Legas, ya kuma shiga neman ƙari a Akra, har yana biyan iyayengiji kuɗi don su saki bayinsu 'yan arewa su shiga soja. Sai mai karatu ya auna da kansa ko wannan fansa ce ko saye.

A tsakiyar Janairu 1874 ya ƙetare kogin Pra da 'yan ɗaruruwan mutane, Hausawa da Yarbawa. Wolseley ya riga shi shiga Kumasi ranar 4 ga Fabrairu, ya sa mata wuta, ya juya da sauri saboda damina da cuta. Goloba ya iso kangon garin ranar 12 ga wata, kuma labarin cewa ga wata runduna tana tahowa ta gabas yana cikin abin da ya sa Sarki Kofi Karikari ya nemi sulhu. Majalisar dokokin Ingila ta yi masa godiya, aka ba shi lambar girma, ya zama Sir John Glover.

Akwai wani ɗan labari a wannan yaƙi da ya tsaya mini a rai. Ranar 17 ga Janairu, a wani gari da Turawa suka rubuta Abogu, an harbi wani samanja Bahaushe mai suna Braimah Doctor. Wani hafsa, Reginald Sartorius, ya kutsa cikin ruwan harsashi ya ɗauko shi, ko da yake raunin na ajali ne. Aka ba Sartorius lambar Victoria Cross, wadda ita ce ƙololuwar lambar jarumta a Ingila. Sunan samanjan, wanda ba shakka Ibrahim ne aka lanƙwasa, ya iso gare mu ne kawai don an buƙace shi a takardar yabon Bature. Ɗaruruwan abokansa ko wannan ba su samu ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ba su koma ba, suka zama tushen rundunar 'yan sandan yaƙi ta wannan ƙasa, suka kuma ƙara wa zangunan Hausawa na can jama'a.

Abin da ya bar wa harshe

Dabarar Goloba ta fi shi tsawon rai. Turawa suka ɗauki ra'ayin da suka zo da shi daga Indiya, cewa akwai ƙabilun da aka halitta don yaƙi, suka ɗora wa Hausawa. Da sojan Hausa aka ci Ijebu a 1892. Kamfanin Neja ya kafa tasa rundunar a kan wannan tsari, haka ma Lugga da ya zo kafa rundunar Afirka ta Yamma a 1897. Sojan da suka fasa ganuwar Kano a Fabrairu 1903, suka shiga Sakkwato a Maris, suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli, ba rundunar Legas ba ce kai tsaye, amma a kan gwadabenta aka gina su, kuma mafi yawansu da Hausa ake ba su umurni. Hafsoshin Turawa ba su da yawa. Wannan magana tana da ɗaci, amma ɗalibin Hausa bai kamata ya tsallake ta ba.

Hausa ta zama harshen bariki har zuwa wajen Yaƙin Duniya na Biyu, ana kuma sa hafsoshin Turawa su ci jarrabawarta. Da ita aka tafi Bama tsakanin 1943 da 1945, ƙasar da Goloba ya zubar da jini shekara 90 kafin nan. A bakin kuratan da ba Hausawa ba ne aka sami Barikanci, Hausar da ta zubar da bambancin jinsi, ta ce mace ya zo, ta kuma daidaita ƙ da k, ɗ da d. Mu kuma muka karɓi soja, da kurtu, da kofur, da saje, da samanja, da kyaftin, da manjo, da hafsa, da fareti. Sai kuma ita kanta kalmar bariki. Dubi inda Bahaushe ya kai ta: ɗan bariki, zaman bariki, wance ta shiga bariki. Kalmar da ta shigo da ma'anar masaukin soja ta koma sunan duk wata rayuwa da ta fita daga idon iyaye da sarki da malami. Wanda ke neman abin da zai yi kundin digiri a kansa, ga shi nan a zube.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan yaƙin Tonawa bai sake aiki a Afirka ba. A 1876 ya auri Elizabeth Rosetta Scott, a wannan shekara kuma ya kama aikin gwamnan Newfoundland, tsibirin sanyi da masunta wanda ya shiga cikin Kanada a 1949. A 1881 aka mai da shi tsibiran Leeward na yankin Karebiyan, a 1883 aka sake mayar da shi Newfoundland. Lafiyarsa ta riga ta raunana. Ya mutu a Landan ranar 30 ga Satumba, 1885, yana da shekara 56, aka binne shi a maƙabartar Kensal Green. A shekarar ce Schön ya buga Magana Hausa. Matarsa ta rubuta tarihinsa, aka buga a 1897.

A Newfoundland akwai garin da ake kira Glovertown. A Legas kuwa jama'ar gari ne suka tara kuɗi suka gina zauren taro don tunawa da shi, aka aza harsashinsa a 1887, aka sa masa suna Glover Memorial Hall. A wannan zaure ne aka fara nuna majigi a Nijeriya, a watan Agusta 1903, 'yan makonni bayan yaƙin Burmi.